Jijiyoyin Zuciya: Lissafin Haɗari Tun Kafin Ciwo Ya Kama

Babu kasuwar da ba a taɓa jin irin wannan labari a cikinta ba, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni. Mutum ya fito da safe lafiyarsa ƙalau, ya buɗe rumfa, ya yi ciniki, ya yi raha da maƙwabta. Kafin la'asar sai a ga ya dafe ƙirji ya zauna, gumi ya keto masa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. A wurin zaman makoki kowa ya ce, "Ai ko ciwon kai bai yi ba." Kwana ya ƙare, wannan haka yake. Amma likitocin da suka shafe fiye da shekara 70 suna bin diddigin irin wannan mutuwa sun tabbatar da cewa mafi yawanta ba daga sama take faɗowa ba. Ciwon yakan yi shekara 20 ko 30 yana gini a ɓoye, yana kuma barin sawun da ake iya aunawa. Wannan darasi zai yi bayanin yadda aka gano wannan sawu, da yadda ma'aikacin lafiya ke lissafa haɗarin da mutum ke ciki, da abin da bincike ya nuna yana rage shi.

Abin da ke faruwa a cikin jijiya

Zuciya tsoka ce. Girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana kuma bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana. Ko da yake jinin jiki gaba ɗaya ta cikinta yake ratsawa, ba daga shi take samun abincinta ba. Tana da nata 'yan jijiyoyi da suka naɗe ta ta waje kamar rawani, su ne ke kai mata abinci da iska. Manyansu ba su wuce milimita 3 zuwa 4 a faɗi ba, watau kaurin tsinken tsire.

Cikin jijiya mai lafiya sumul yake. Hawan jini da hayaƙin taba da yawan sukari a jini su ne ke ƙuje wannan shimfiɗa ta ciki, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai wani maiƙo da ke yawo a jini mai suna kolestarol. Shi ne ke kutsawa ƙarƙashin shimfiɗar ya taru. Jiki ya turo ƙwayoyin tsaro su cinye shi, su ma su maƙale a wurin, sannu a hankali abin ya zama tudu a bangon jijiyar. Ginin kuwa da wuri yake farawa. A shekarar 1953 likitocin sojan Amurka sun duba zukatan sojoji 300 da aka kashe a yaƙin Koriya, matasa ne da tsaka-tsakin shekarunsu 22, suka tarar kimanin kashi uku cikin huɗu nasu sun riga sun fara tara wannan maiƙo.

Daga nan ɗayan biyu ke faruwa. Tudun na iya ci gaba da girma har hanya ta matse. Mai wannan hali ba ya jin komai in yana zaune, amma da ya ɗaga buhu, ko ya hau bene, ko ya yi sauri don kada mota ta bar shi, sai ya ji an danne masa ƙirji. In ya tsaya ya huta na 'yan mintoci abin ya sake shi. Wannan gargaɗi ne, kuma mai sa'a ne ke samunsa. Ko kuwa fatar da ta rufe tudun ta fashe farat ɗaya, jini ya daskare a kai ya zama guda, ya toshe hanyar ɗungum. Tsokar da ke gaba da wurin sai ta fara mutuwa cikin rabin sa'a. Wannan shi ake kira bugun zuciya. Abin lura shi ne, sau da yawa tudun da ke fashewa bai kai girman da zai matse hanya ba, shi ya sa mutum ke faɗuwa alhali jiya-jiya ya yi aikin ƙarfi ba tare da wata damuwa ba.

A nan ya kamata a rarrabe zare da abawa. Bahaushe yakan ce "ciwon zuciya" yana nufin baƙin ciki. Ba shi ake magana ba, ko da yake za mu ga yana da hannu. Haka kuma ciwon nan daban yake da kumburin zuciya da ke kama wasu mata bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, daban kuma da lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa yaro magani ba. Maganarmu a kan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ce.

Yadda aka gano masu laifi

A watan Afrilu na 1945 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya mutu yana da shekara 63, jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. Awon jininsa a ranar ya kai 300/190. Shugaban ƙasa ne, da likitoci kewaye da shi, amma a wancan zamani likitoci da yawa suna ɗaukar hawan jini a matsayin abin da tsufa ke zuwa da shi, ba su kuma da wani maganin kirki na saukar da shi. Shekara uku bayan haka, a 1948, aka zaɓi wani gari mai suna Framingham a jihar Massachusetts, aka rubuta sunayen mutum 5,209, maza da mata, masu shekara 30 zuwa 62. Ba magani aka ba su ba. Duk bayan shekara biyu a kira su a auna jininsu da nauyinsu, a tambayi abin da suke ci da abin da suke sha, a rubuta, sa'an nan a jira a ga wa zai kamu, wa zai tsira. A 1961 masu binciken suka bayyana cewa hawan jini da yawan kolestarol suna gabatar ciwon da shekaru. Taba da ƙiba da ciwon suga su ma suna cikin jerin. A 1971 aka shigar da 'ya'yan mutanen farko, a 2002 aka shigar da jikokinsu.

A Ingila ma an yi wasu ayyuka biyu da suka cancanci ambato. Wani likita mai suna Jerry Morris ya kwatanta direbobin bas mai bene na birnin Landan da kwandastocinsu. Aikinsu ɗaya, motarsu ɗaya, sai dai direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Sakamakon da ya fito a 1953 ya nuna bugun zuciya ya fi kama direbobi. Mai shago da ke zaune a kan benci daga hantsi zuwa magariba, yaro na miƙo masa komai, ya duba ya ga a wane ɓangare yake. Na biyu, Richard Doll da Bradford Hill sun fara bin likitocin Birtaniya su kansu a 1951, aka bi su shekara 50. Aka tarar mai shan sigari yana rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya bari yana da shekara 30 ya maido da kusan duka goman, mai 40 ya maido da 9, mai 50 ya maido da 6, mai 60 ma ya samu 3.

Mai karatu na iya cewa duk waɗannan Turawa ne, abincinsu daban, yanayinsu daban. Tambaya ce mai kyau, kuma an bi ta. Farfesa Salim Yusuf na jami'ar McMaster a Kanada ya jagoranci wani bincike mai suna INTERHEART a ƙasashe 52, wanda aka buga a 2004. An kwatanta mutum kimanin 15,000 da bugun zuciya ya kama a karo na farko da wasu kusan adadinsu da bai kama ba. Abubuwa tara aka samu suna ɗauke da kashi 90 cikin ɗari na haɗarin a maza, kashi 94 a mata: maiƙon jini, taba, hawan jini, ciwon suga, teɓa, damuwa da matsin rayuwa, ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace, rashin motsa jiki, da yanayin shan barasa. Biyun farko su suka fi nauyi. Haka abin yake a kowace nahiya, har da Afirka, ko da yake akasarin 'yan Afirka da aka haɗa da su daga Afirka ta Kudu suka fito.

A da, likitocin da suka yi aiki a Afirka ta Yamma suna cewa wannan ciwo ba kasafai suke ganinsa ba, kuma har yau hawan jini ya fi nuna kansa a wurinmu ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya da ciwon ƙoda. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana a kan mutum fiye da 2,000 masu shanyewar ɓarin jiki ya nuna hawan jini ne babban mai laifi, da tazara mai nisa. Sai dai tushen cututtukan ɗaya ne, kuma rayuwa ta sauya: babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, lemon kwalba ya maye gurbin kunu, sigari da shisha sun yawaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya, fiye da kashi uku cikin huɗu nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Batun cewa ciwon masu kuɗi ne ya daɗe da ƙarewa.

Lissafin haɗari

Ɗan kasuwa ba ya duba kaya ɗaya ya ce ya ci riba ko ya faɗi. Haɗa lissafi yake yi. Babban darasin Framingham ke nan: abubuwan nan ba tarawa suke yi ba, ninka juna suke. Mutumin da jininsa ya ɗan hau, yana shan sigari, yana da ciwon suga, shekarunsa 55, ya fi shiga haɗari nesa ba kusa ba a kan matashin da jininsa kaɗai ya hau fiye da nasa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sababbin allunan lissafi ga yankuna 21 na duniya, kowane yanki da nasa, har da na Afirka ta Yamma. An yi su ne domin masu shekara 40 zuwa 74. Iri biyu ne. Na farko yana buƙatar gwajin jini: shekaru, jinsi, shan taba, lambar sama ta awon jini, ciwon suga da kolestarol. Na biyu an yi shi ne domin ƙaramin asibitin da ba shi da ɗakin gwaji, inda ake maye gurbin gwajin jini da awon nauyi da tsayi. Ma'aikacin lafiya zai bi layi da yatsa har ya sauka a kan wani gida mai launi. Kore yana nufin haɗarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekara 10 masu zuwa bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Rawaya, 5 zuwa ƙasa da 10. Ruwan goro, 10 zuwa ƙasa da 20. Ja, 20 zuwa ƙasa da 30. Ja mai duhu, 30 ko fiye.

Wannan ba duba ba ne, ba kuma hukunci ba ne a kan mutum ɗaya. In an ce haɗarinka kashi 20 ne, ma'anarsa in an tara mutum 100 masu irin shekarunka da awonka da ɗabi'arka, kimanin 20 daga cikinsu abin zai same su cikin shekara 10, 80 ba zai same su ba. Allon bai san a wane rukuni kake ba. Amfaninsa shi ne sanin wa ya fi buƙatar magani. A ɗauka akwai maganin da ke rage haɗari da kashi ɗaya cikin biyar. In an ba mutum 100 masu haɗarin kashi 20, adadin zai sauko zuwa 16, an tsirar da huɗu ke nan. In an ba masu haɗarin kashi 5, zai sauko zuwa 4, an tsirar da ɗaya. Magani ɗaya, kuɗi ɗaya, riba daban. Shi ya sa za ka ga an rubuta wa maƙwabcinka magani kai ba a rubuta maka ba, alhali awonku ya yi kusa da juna.

Akwai waɗanda ba a buɗe musu allo, domin an riga an san suna cikin babban haɗari: wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ko ciwon ƙirji na aiki, ko shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon ƙoda mai tsanani. Akwai kuma abubuwan da allon ba ya tambaya, amma ya wajaba mutum ya faɗa da bakinsa. In mahaifi ko ɗan'uwa na jini ya kamu kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65, a faɗa. Matar da jininta ya hau lokacin goyon ciki, musamman wadda ta kumbura ko ta yi jijjiga, tana da ƙarin haɗari har bayan shekaru, ko da awon ya sauka bayan haihuwa. Ita ma ta faɗa. Teɓa kuwa ana iya auna ta a gida ba tare da sikeli ba. A yanki igiya daidai tsayin mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ƙugu da ita daidai cibiya. In ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Lambobi biyu, ma'ana ɗaya

Ga wani abu da ke rikita masu zirga-zirga tsakanin ƙasashen nan. Mutum ya auna jini a Katsina a ce masa 150/90, ya auna a Maraɗi a ce masa tansiyonsa 15/9, ya yi murna ya ce ya sauka. Bai sauka ba, lamba ɗaya ce; a ɓangaren Faransanci akan jefar da sifiri na ƙarshe. Iyakar dai ita ce 140/90, watau 14/9. Haka sukarin jini na safe kafin a ci komai: 126 a wani ma'aunin, 7.0 a wani, 1.26 a takardun gwaji na Nijar, duk iyaka ɗaya ce ta ciwon suga. Kolestarol ma 200 da 5.2 da 2 abu ɗaya ne. Saboda haka kada a riƙe lamba a ka. A riƙe takardar, domin ma'aunin na rubuce a gefen lambar.

Awo kuma yana da ladabinsa. A zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a ɗore daidai ƙirji, ba magana. Kada a ci goro ko a sha taba ko kofi rabin sa'a kafin awo. Ba a yanke wa mutum hukuncin hawan jini da awon rana ɗaya, sai an maimaita a wata ranar, in ba lambar ta yi tsananin hawa ba. Hawan jini ba ya ciwon kai a mafi yawan masu shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba.

Abin da gwaji ya tabbatar

Sanin mai laifi daban, tabbatar da cewa kama shi na rage ɓarna daban. Hanyar da likitoci ke bi ita ce a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan magani, waɗancan a ba su wani abu dabam, a bi su shekaru a ƙirga. Duk maganin da bai bi ta wannan ƙofa ba, komai daɗin bakin mai tallarsa a lasifika, ba a san aikinsa ba.

Saukar da hawan jini shi ne kan gaba a wurinmu. Binciken SPRINT na Amurka, a kan mutum 9,361 masu babban haɗari amma marasa ciwon suga, ya nuna a 2015 cewa waɗanda aka matsa wa lambar sama ta yi ƙasa da 120 sun samu ragin kashi ɗaya cikin huɗu na cututtukan zuciya da jijiya a kan waɗanda aka tsaya da su ƙasa da 140. Ba kowa ake kaiwa can ba, domin jiri da matsalar ƙoda sun fi yawa a rukunin farko. Likita ne zai sa wa kowa iyakarsa. Wane magani ya fi dacewa da baƙar fata? An amsa wannan a gida. Dakta Dike Ojji na jami'ar Abuja ya jagoranci binciken CREOLE a ƙasashen Afirka shida, ciki har da Nijeriya da Kamaru, a kan mutum 728, aka buga a 2019. An gwada haɗin magunguna kala uku na wata shida, aka tarar haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi wanda babu shi saukar da jini. Maganin ba shi da tsada, ana kuma samunsa a ɓangarorin biyu na iyaka. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sha na wata ɗaya, ya auna ya ga ya sauka, ya ajiye. Maganin ne ya saukar da shi. Ranar da aka bari zai koma inda yake.

Gishiri na tafiya da wannan. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi bai kai giram 5 a rana ba, ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin burodi da kilishi da yajin tsire. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma danginsa ce a cikin jiki. Uwargida da ta jefa dunƙule huɗu ta bi da gishiri ta bi da kanwa ta zuba abu ɗaya sau uku. A ƙasar Sin an gwada wani gishiri da aka maye kashi ɗaya cikin huɗu nasa da sinadarin fotasiyam a ƙauyuka 600, mutum kusan 21,000. Sakamakon 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari, mutuwa da kashi 12. Mai ciwon ƙoda dai kada ya taɓa irin wannan gishiri sai da izinin likita. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ɗaga miya, harshe kuma yakan saba da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni in an rage a hankali.

Maganin rage kolestarol, wanda ake kira sitatin, wani masani ɗan Japan mai suna Akira Endo ne ya fara samo shi daga funfuna a shekarun 1970. A 1994 aka kammala gwajinsa a kan mutum 4,444 masu ciwon jijiyoyin zuciya a ƙasashen arewacin Turai. Cikin shekara biyar da ɗoriya mutuwa ta ragu da kashi 30 cikin ɗari. Ana ba da shi ga duk wanda ya riga ya kamu, da akasarin masu ciwon suga da suka haura 40, da wanda allo ya nuna yana cikin ja. Mai ciki ba ta shansa. Wasu kan ji ciwon tsoka; a koma a faɗa, akan sauya iri ko a rage.

Asfirin yana buƙatar a tsaya a kansa, domin mutane da yawa na saye su sha kullum wai yana tsinka jini. Ga wanda ya riga ya samu bugun zuciya, amfaninsa tabbatacce ne. Ga lafiyayye kuwa labarin ya sha bamban. Wani gwaji da aka buga a 2018 a kan tsofaffi lafiyayyu fiye da 19,000 a Ostareliya da Amurka bai ga ya kare su ba, sai ma zubar jini a ciki da ya ƙaru. Kada a sha shi kullum sai likita ya rubuta. Haka magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak, waɗanda 'yan dako da direbobi ke haɗiya kamar gyaɗa: suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda, suna ƙara haɗarin zuciya. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayar wa 'yan mata su ma da yawansu na ɗaga jini da sukari.

Taba ba ta da gwargwado. Ko kara ɗaya a rana na cutar da jijiya, shisha ba ta fi ta sauƙi ba, hayaƙin kuma na shiga ƙirjin iyali. Shekara ɗaya bayan bari, ƙarin haɗarin da ta jawo wa zuciya yakan ragu da kusan rabi. Tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, watau rabin sa'a sau biyar, ta wadatar a matsayin farko. Zogale da rama da kuka da kuɓewa da wake da gero da dawa, waɗanda wasu ke yi wa kallon abincin talaka, su ne ainihin abin da binciken ke yabo. Abin ragewa shi ne kitsen nama, da man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi, da sukarin shayi da lemon kwalba.

To, buɗe jijiya fa? Akan zura siririn bututu ta hannu ko ta cinya har zuwa zuciya, a buɗe wurin da ya matse, a bar 'yar raga ta ƙarfe a ciki. A lokacin bugun zuciya wannan aiki na ceton rai. Amma ga mai ciwon ƙirji na aiki wanda ke lafawa da hutu, binciken ISCHEMIA a kan mutum 5,179, da aka buga a 2020, ya nuna waɗanda aka fara da magani kawai ba su fi mutuwa ba a kan waɗanda aka garzaya aka yi wa aikin. Ribar aikin ita ce sauƙin ciwon ƙirjin. Iyalin da aka ce musu sai an sa raga suna da haƙƙin su tambaya: don ceton rai ne, ko don rage ciwo? Kafin a sayar da gona, a ji amsar.

Ranar da abin ya taso

Nauyi ko matsi ko zafi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15 bai lafa da hutu ba, musamman in yana tafiya hannu ko wuya ko muƙamuƙi ko baya, da gumi mai sanyi, da tashin zuciya, da ƙarancin numfashi: a ɗauka bugun zuciya ne har sai asibiti ya ce ba shi ba ne. Da yawa sun ce olsa ce, suka sha kanwa ko madara suka kwanta. Mata da tsofaffi da masu ciwon suga sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai kasala mai tsanani da haki da zafin saman ciki.

A zaunar da shi a jingine, kada ya yi tafiya, kada ya tuƙa da kansa. In asfirin ba ya yi masa illa, ba ya kuma da gyambon ciki mai zubar da jini, ya tauna ƙwaya ɗaya mai miligiram 300. Wani gwaji na 1988 a kan mutum fiye da 17,000 ya nuna asfirin kaɗai ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, da aka haɗa shi da allurar narkar da gudan jini kuwa ragin ya haura kashi 40 cikin ɗari. Allurar ta fi aiki a sa'o'in farko, bayan sa'a 12 amfaninta kaɗan ne. Saboda haka a wuce kai tsaye babban asibitin da ke da na'urar awon zuciya ta ECG, wanda ya fi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka yake. Kyau a san shi tun yau. In kuwa baki ne ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a ba da asfirin ko kaɗan, domin mai yiwuwa jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Shi ma asibiti nan take.

Ga matafiyi

Wanda aka ɗora a kan magani ya sayi ƙaramin littafi ya ajiye tare da katin shaidarsa. A rubuta kwanan wata da awon jini, da ainihin sunan kowane magani da ƙarfinsa, ba sunan kamfani ba, domin kwalin da ake sayarwa a Kano ba lalle ya zama shi ne a Damagaram ba, alhali ƙwayar ɗaya ce. Akwai waɗanda suka haɗa biyun suka sha ninki. A tafi da abin da zai kai a dawo har da ƙarin mako guda, a saya a kantin magani mai rajista, ba a faranti cikin rana ba, kada kuma a bar shi a gaban mota zafi ya dafa shi. Kafin azumi ya kama, a je a tambayi yadda za a mayar da lokutan sha zuwa sahur da buɗa-baki, mai ciwon suga kuma a duba ko ƙarfin maganinsa na buƙatar sauyi. Wanda ya kai 40 bai taɓa aunawa ba, ya auna jini da sukari a ranar kasuwa mai zuwa, ya tafi da maiɗakinsa ita ma a auna ta.